Ƙarfin cinya kafin sabon huhu: abin da ya sa ake horar da ƙafafun mai jiran dashe

A manyan asibitocin da ake dashen huhu, wanda aka sa sunansa cikin jerin masu jira ba a sallamarsa gida a ce ya je ya kwanta har ranar da za a kira shi. Jadawalin motsa jiki ake miƙa masa, kuma a wurare da dama halartar wannan atisaye yana cikin sharuɗɗan ci gaba da zama a layi. A Babban Asibitin Toranto da ke ƙasar Kanada, inda Dokta Joel Cooper da abokan aikinsa suka yi dashen huhu na farko da ya ɗore a shekarar 1983, an daɗe ana buƙatar masu jira su riƙa zuwa ɗakin atisaye sau uku a mako, da robar iska a hancinsu, suna murza keken da ba ya tafiya, suna ɗaga nauyi da ƙafa. Wanda ya leƙa ɗakin bai san dalili ba zai ɗauka rashin tausayi ne, domin wasu daga cikin mutanen ko wanka ba sa iya gamawa sai sun tsaya sun huta. Likitocin kuwa sun ga yadda ake ƙarewa da wanda ya shiga tiyata da narkakkun cinyoyi, shi ya sa ba sa sassautawa a kan wannan.

Mai karatu a Gusau ko Talata Mafara yana iya cewa ina ruwanmu da wannan, tunda dashen huhu ba aiki ne da asibitocinmu ke yi ba, kuma wanda ya kai ga buƙatarsa sai dai a tura shi Indiya ko Afirka ta Kudu ko wata ƙasa, a kan kuɗin da gida ɗaya ba ya iya haɗawa. Gaskiya ne. Sai dai cututtukan da ke kai huhu ga wannan matsayi suna nan tare da mu. Akwai tabon da tarin fuka ke bari bayan an gama shan magani, akwai hayaƙin itacen da mata ke shaƙa a madafi shekara da shekaru, akwai taba sigari, ga kuma ƙurar dutsen zinariya da ake daka ana niƙawa a yankunan Anka da Bukkuyum da Maru. Tun bala'in gubar dalma na 2010 hankali ya fi karkata ga dalmar da ke cikin ƙurar, alhali ƙurar tana ɗauke da sinadarin silika, wanda ke sandarar da huhu a hankali, ya kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Kaɗan daga cikin masu irin wannan lalura za su samu fita waje, kuma su ma a gida za su yi watannin shiri. Mafi yawa ba za su taɓa ganin ɗakin dashe ba, amma horon da ake ba mai jiran dashe shi ne dai zai amfane su, domin ciwon ɗaya ne kuma ƙafar ɗaya ce.

Abin da ke faruwa a gidajenmu kowa ya san shi. Magidanci ya fara haki idan ya dawo daga masallaci, sai uwargida ta ce, “Malam, don Allah ka yi zamanka, yara za su kawo maka buta.” Babban ɗansa ya karɓe zuwa gona da kasuwa, a shimfiɗa masa tabarma a zaure ko a inuwar dogon yaro, 'yan dubiya su zo su yi masa sannu, kowa zai fita ya ce, “Baba, a dai riƙa hutawa.” Ƙauna ce zalla, babu mai musu. Amma bayan 'yan watanni, mutumin da a da yake kai kansa masallacin unguwa da hutu ɗaya a hanya ya koma wanda sai an kama hannunsa zai miƙe daga tabarma, kuma idan aka je asibiti aka auna huhun, sau da yawa a tarar bai ƙara lalacewa gwargwadon yadda mutumin ya lalace ba. Ƙafafun ne suka tafi.

Tsokar da ake magana a kanta ita ce babbar tsokar gaban cinya mai rassa huɗu, wadda ke sauka ta haɗe a ƙoƙon gwiwa. Ita ke miƙar da gwiwa, ita ke ɗaga mutum daga zaune, ita ke riƙe shi idan zai sauko daga tudu ko matakala. Zaruruwan da ke cikin tsoka, a taƙaice, iri biyu ne. Akwai masu jimiri, waɗanda ke ƙona abinci da iskar oksijin su daɗe suna aiki ba su gaji ba, akwai kuma masu zafin nama, waɗanda ke ba da ƙarfi nan take amma su gaji da wuri. Masu binciken da suka ɗebi ɗan yankin tsokar cinya daga masu cutar toshewar hanyoyin iska ta dindindin, wadda likitoci ke taƙaitawa da COPD, sun tarar masu jimirin sun ragu, masu zafin naman sun fi yawa amma sun ƙanƙance, kuma sinadaran da ke taimaka wa tsoka ta yi amfani da oksijin sun yi ƙasa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan cuta ana samunsu da raunin cinya a zahiri, har da waɗanda ciwonsu bai yi nisa ba. Tsokar hannu ba ta lalacewa haka, saboda ko a zaune maras lafiya yana ci da hannunsa, yana alwala, yana sa riga, ita kuwa cinya an sallame ta daga aiki gaba ɗaya.

A nan ne ƙafa da numfashi suke haɗuwa, kuma wanda ya fahimci wannan gaɓar ya fahimci sauran maganar. Tsokar da ta koma haka, da zarar an ɗora mata ɗan aiki sai ta fara tara wani sinadari mai tsami da ake kira laktik tun ba a je ko'ina ba. Hanyar da jiki ke bi ya kashe kaifin wannan tsami tana haifar da ƙarin iskar kabon a cikin jini, wadda ba ta da mafita sai ta numfashi, saboda haka ƙwaƙwalwa ta umarci huhu ya ƙara sauri. Mai lafiya yana da rara, ba zai ma ji ba. Mai ciwon huhu ba shi da wannan rarar, sai haki ya turnuƙe shi. Kamar tsohon injin niƙa ne da ke shan mai yana tuƙa hayaƙi a kan tiya ɗaya ta dawa, wadda gyararren inji zai niƙe da mai kaɗan. Nisan da ke tsakanin ɗaki da ƙofar gida bai ƙaru ba, iskar da raunanan ƙafafu ke nema a kan wannan nisan ce ta ƙaru. Haki ya sa mutum ya zauna, zama ya ƙara narkar da tsoka, narkakkiyar tsoka ta sa hakin gobe ya fi na yau, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Huhun da ya yi tabo ba ya komawa yadda yake, amma tsoka tana amsa horo ko mutum ya haura shekara 70, don haka ta wajenta ake samun bakin zaren.

Zama ba shi kaɗai ke cin tsoka ba. Ƙarancin oksijin a jini yana cinta, kumburin da ke yawo a jiki duk lokacin da ciwon ya tashi yana cinta, ga rashin cin abinci, tunda mai haki ko tauna wahala take ba shi. Sai kuma magungunan sitiroyid irin su firedinisolon da deksametason, waɗanda likita ke bayarwa na ɗan lokaci idan ciwon ya motsa. Idan aka daɗe a kansu suna raunana tsokar cinya da ta ƙugu musamman, su kuma sa ƙashi ya yi rauni. Wannan ya kamata ya dame mu a nan, domin mutane da yawa suna sayen waɗannan ƙwayoyi a kemis babu takardar likita, su ji numfashi ya ɗan sake, fuska ta ciko, 'yan'uwa su ce ai ya samu sauƙi har ya yi ƙiba, alhali a ƙarƙashin zani ko wando ƙafafu sai sirancewa suke yi. Wanda ya daɗe yana shan su kada ya yanke rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ya kai kwalin wurin likita a tsara masa yadda zai rage.

Babbar hujjar masu wannan horo daga waɗanda aka riga aka yi wa dashen ta fito. Mutum ya samu sabon huhu, an auna an ga yana hura iska kusan kamar mai lafiya, oksijin ɗin jininsa ya cika, amma idan aka ɗora shi a keken gwaji sai a ga iyakar ƙoƙarinsa ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na abin da ake sa ran sa'ansa zai yi, wani lokaci har bayan shekara ɗaya ko biyu. Idan aka tambaye shi me ya tsayar da shi, mafi yawa ba ya cewa numfashi, cewa yake ƙafafunsa ne suka gaji. Likitan tiyata ya canza huhu, amma cinyar da maras lafiya ya shigo da ita da ita zai fita. Idan aka tuna cewa rabin manyan da aka yi wa dashen huhu ne ke wuce shekara shida zuwa bakwai da shi, za a ga cewa shekara guda da mutum zai ɓata yana koyon tashi daga kujera ba ƙaramar asara ba ce.

Kuma tiyatar kanta tana karɓar nata kaso daga tsoka. Wani bincike da aka yi a Ingila aka wallafa a 2013 ya nuna cewa masu tsananin ciwo da ke kwance a sashen kulawa ta musamman suna rasa kusan kashi 18 cikin 100 na kaurin ɗaya daga cikin tsokokin gaban cinya a cikin kwana 10 kacal. Wanda aka yi wa dashe zai kwana a wannan sashe, wataƙila a kan na'urar numfashi, za a ba shi sitiroyid mai yawa, sannan a ɗora shi har ƙarshen rayuwarsa a kan magungunan hana jiki ƙin sabon huhu, irin su takrolimus ko saiklosforin, waɗanda su ma ba sa ƙyale tsoka. Akwai wani abu kuma da ba a cika tunawa da shi ba sai an iso wurin. Idan huhu biyu aka dasa, sau da yawa ana tsaga ƙirji ne daga gefe zuwa gefe har da ƙashin tsakiya, kuma na tsawon makonni ana hana mutum dogara hannu da ƙarfi ko ɗaukar nauyi har ɗinkin ya kama. Wanda ya saba dafa gwiwa ko hannun kujera kafin ya miƙe an ƙwace masa wannan dabarar a lokacin da ya fi buƙatarta. Ga shi ana son ya sauko daga gado ya taka tun a kwanakin farko, domin tafiya ce ke buɗe sabon huhun, ta taimaka wajen fitar da majina, ta rage haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa.

Shi ya sa ƙarfin jiki ya shiga cikin ma'aunin wanda za a ba huhu. Huhun da ake samu daga mamata bai kai yawan masu nema ba, kuma asibiti ba ya son ya ɗora irin wannan tiyata a kan jikin da ba zai iya tashi daga gare ta ba. A matsayar da Ƙungiyar Masana Dashen Zuciya da Huhu ta Duniya ta fitar a 2021, wanda ba ya iya tafiya kuma babu alamar zai iya farfaɗowa bayan tiyata yana cikin waɗanda ba a yi wa dashe, tare da mai tarin fuka da bai warke ba da wanda har yanzu yake shan taba. Gwajin da aka fi amfani da shi mai sauƙi ne: a auna baranda mai tsawon mita 30, mutum ya yi ta kai da komo na minti shida, yana da damar tsayawa ya huta amma agogo ba ya tsayawa, a ƙarshe a lissafa nisan da ya ci. A Amurka, tsarin makin da aka fara raba huhu da shi a 2005 ya sanya wannan nisan cikin lissafi. Akwai kuma gwajin tashi da zama, inda ake ƙirga sau nawa mutum zai miƙe daga kujera cikin daƙiƙa 30 ko minti ɗaya ba tare da dafa komai ba.

To, tunda tafiya ake aunawa, me zai hana a ce mutum ya yi ta tafiya kawai? Tafiya da keke suna cikin shirin, kuma babu mai cire su. Matsalar ita ce suna sa tsokoki da yawa aiki lokaci ɗaya na mintuna masu yawa, sai numfashi ya ƙare tun kafin cinya ta ji a jikinta, mutum ya tsaya bai kai ga aikin da zai gina tsoka ba. Ɗaga nauyi ya bambanta. Tsoka ɗaya ake ware wa aiki, na ƙasa da minti ɗaya, sannan a huta, saboda haka iskar da ake nema kaɗan ce amma nauyin da ke kan tsokar mai yawa ne. Mutumin da ba zai iya tafiyar minti biyar a jere ba yana iya miƙar da gwiwa sau goma da nauyi a idon sawunsa, ya huta, ya sake. A ganina wannan ita ce hikimar da ta fi dacewa da masu jinyarmu, domin tana ba wanda ya riga ya yanke ƙauna daga tafiya wani abu da zai iya yi yau.

Bayanin da ƙungiyoyin likitocin ƙirji na Amurka da Turai suka fitar tare a 2013 ya faɗi gwargwadon da aka saba: a maimaita motsi sau 8 zuwa 12 a zubi ɗaya, a yi zubi 1 zuwa 3, kwana 2 ko 3 a mako, da nauyin da ya kai kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na mafi nauyin abin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya tak. A aikace ba a cika gwada wannan mafi nauyin a kan raunanan mutane ba. Likitan gashi, wato ma'aikacin asibiti mai gasa ƙashi da horar da gaɓoɓi, yana neman nauyin da idan an kai na goma cinya ta gaji amma motsin bai karkace ba. Ana barin kwana ɗaya tsakani, domin a lokacin hutu tsoka ke ginuwa. Idan mutum ya fara wuce sha biyu cikin sauƙi a zama biyu a jere, sai a ƙara nauyi kaɗan, kuma wannan ƙarin shi ne horon. Wanda ya yi wata shida yana ɗaga nauyin da ya fara da shi motsa jiki yake yi, ba ƙarfi yake ginawa ba.

Motsin da ya fi kowanne amfani ba ya buƙatar na'ura. A samu kujera mai ƙwari wadda tsayinta ya kai gwiwa, a jingina ta da bango don kada ta zame. Maras lafiya ya matso bakin kujerar, ya ja ƙafafunsa baya kaɗan har su zo ƙarƙashin gwiwa, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya shaƙi iska ta hanci, ya sunkuyo gaba, sannan ya miƙe yana fitar da iskar a hankali ta tsukakken baki. Komawa zaune ita ce rabin aikin da mutane ke yi wa riƙon sakainar kashi. Ba a faɗawa kan kujera, ana sauka ne ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, domin a wannan saukar cinya take aiki sosai. Mai kula da shi yana tsaye a gefe, idonsa a kan fuskarsa da leɓɓansa. Za ka ji yana cewa, “Baba, kada ka riƙe numfashi, hura iskar kana tashi.” A na bakwai dattijon ya ce, “Ɗana, cinyar ta ɗau zafi,” shi kuma ya amsa, “Ita muke nema, Baba, saura ɗaya mu huta.” Idan kujerar ta yi masa ƙasa a farko, a ɗora matashi ko ninkakken bargo, a riƙa rage tsayin yadda ƙarfi ke zuwa.

Sauran motsin a kan wannan suke ginuwa. A zaune, a ɗaura nauyi a idon sawu a miƙar da gwiwa, a riƙe na daƙiƙa biyu, a sauke a hankali. Ledar ruwan fiya-wata guda kusan rabin kilo ce, idan aka zura ta cikin safa aka ɗaure ta isa mafari, daga baya a koma jakar yashi da aka auna. Akwai hawa da sauka a kan dakali marar tsawo ana dafe da bango, akwai ɗagawa a kan yatsun ƙafa don ƙarfafa sha-raɓa, akwai roba mai talewa don tsokar ƙugu. A asibitocin da ke da kayan aiki akwai na'urar da ake tura nauyi da tafin ƙafa. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan fara horo ba abin tsoro ba ne, amma ciwo mai suka a cikin gwiwa ko baya alama ce ta a dakata a duba.

Abu biyu ake sa wa ido yayin horon. Na farko ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, wadda ke nuna cikar oksijin a jini. Yawanci ana son kada ta sauka ƙasa da 88, kuma masu sandararren huhu nasu yana faɗuwa da sauri, har sai likita ya ƙara musu yawan iskar da ke fitowa daga silinda lokacin atisaye. Wannan ƙarin likita ne ke ƙayyade shi, ba 'yan gida ba. Ya kamata mu sani cewa wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2020 ya nuna na'urar ta fi yawan nuna adadi sama da na gaskiya ga masu baƙar fata, kuma sanyin yatsa a lokacin hunturu da jan farce suna ruɗa ta, saboda haka adadi mai kyau ba ya soke abin da ido ke gani. Na biyu ma'aunin Borg, inda mutum ke faɗin tsananin hakinsa daga 0 zuwa 10. Ana neman ya yi aiki a wajajen 4 zuwa 6, wato yana haki amma yana iya furta gajeriyar magana. Hakin da ke lafawa bayan minti biyu ko uku na hutu ba ya ɓata huhu, kuma sai an faɗa wa iyali wannan ƙarara, in ba haka ba ranar farko za su dakatar da komai.

Akwai waɗanda sai an ƙara taka-tsantsan da su. Mai hawan jinin jijiyoyin huhu, wanda ya bambanta da hawan jinin da aka sani, yana iya suma idan ya yi yunƙuri ya riƙe numfashi, don haka nauyi kaɗan ake ba shi kuma a gaban ma'aikaci. Wanda sitiroyid ya raunana wa ƙashi ba a sa shi sunkuyo da nauyi. Ciwon ƙirji, jiri, bugun zuciya da ya rikice, tari da jini, zazzaɓi, ko haki na farat ɗaya da suka a gefen ƙirji, duk dalilai ne na tsayawa a nemi likita a ranar. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa har bai iya waɗannan motsin ba, shi ma ba a barinsa. A Jamus an gwada masu COPD da ke jiran dashe a 2012, aka ga murza keke na daƙiƙa 30 da hutun daƙiƙa 30 yana ba da amfani daidai da murzawa a jere, da ƙarancin haki. Akwai kuma na'urar da ake manna wa cinya tana motsa tsoka da 'yar wutar lantarki, ga wanda ba ya iya barin gado.

Tsoka ba ta ginuwa da ruwan kunu kaɗai. Mai wannan horo yana buƙatar wake, gyaɗa, ƙwai, nono, awara, kifi ko nama gwargwadon hali, a rarraba kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, domin cikakken ciki yana tokare huhu. Ramewa ƙwarai da ƙiba ƙwarai duk suna iya hana a karɓi mutum a yi masa dashe.

Dole kuma a gyara abin da ake tsammani. A makonnin farko ƙarfi yana ƙaruwa ne saboda jijiyoyi sun koyi tayar da tsoka yadda ya kamata, kaurin cinya sai daga baya. Shirin farfaɗo da masu ciwon huhu yakan ɗauki mako 8 zuwa 12, kuma ƙarin mita 30 a gwajin minti shida ana ɗaukarsa canji ne da mutum zai ji a rayuwarsa. Amma mai jiran dashe ciwonsa gaba yake yi, kuma babu wanda ya san ranar kira. Idan bayan wata shida huhunsa ya ƙara lalacewa amma yana tashi daga kujera sau adadin da yake yi a farko, horon ya yi aiki. Duk kwanciyar asibiti tana mayar da hannun agogo baya, sai a sake farawa daga ƙasa ba tare da jiran a ji garau ba.

A Zamfara wahalar ba a sanin motsin take ba, a kai wa gare shi take. Sassan gashi suna manyan asibitoci ne irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma jama'a sun fi saninsu da masu shanyewar ɓarin jiki da karaya, har ba a cika tura mai ciwon ƙirji can ba. Mutumin Shinkafi ko Ɗansadau ba zai iya hawa hanya sau uku a mako ba, ga kuɗin mota, ga halin tsaro. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ya je sau ɗaya ko biyu a auna shi, a koya masa tare da wanda zai riƙa tsaya masa a gida, a rubuta masa adadi, sannan a riƙa bibiya ta waya ko bidiyon WhatsApp, kamar yadda cibiyoyin dashe da kansu suka koma yi a lokacin annobar korona ta 2020. A ajiye littafi a rubuta rana, nauyi, adadi, da abin da na'urar yatsa ta nuna, domin asibitin waje zai tambayi tarihin ƙarfin jiki kafin ya ce a taho. Rayuwarmu ma ta fi ta Bature neman ƙarfin cinya, tunda a ƙasa muke zama, a tsugune muke kewayawa, kuma mai sallah yana son ya miƙe daga sujada da kansa, ko da yake addini ya sauƙaƙa wa maras lafiya ya yi a zaune. Mata sun fi shiga haɗarin a manta da su, domin su ne suka fi shaƙar hayaƙi, su ne kuma ba a cika ganin raguwar tafiyarsu ba tunda a cikin gida take. Ga su kujera da bangon ɗaki sun wadatar, in dai an samu wadda za ta tsaya musu. A kwanakin hazo a yi atisayen a cikin ɗaki, nesa da murhu.

Ga iyalin da Allah ya hore musu har aka yi dashen, aikin ƙafa yana ci gaba bayan sallama. A birnin Leuven na ƙasar Beljiyam an raba waɗanda aka sallama bayan dashe gida biyu, aka ba kashi ɗaya horo na wata uku a gaban ma'aikata, aka bar ɗaya kashin da shawara kawai. Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa bayan shekara guda waɗanda aka horar suna tafiyar kimanin minti 85 a yini, sauran kuwa minti 54, kuma cinyoyin na farkon sun fi ƙarfi. Saboda haka lokacin da ake lissafin kuɗin jirgi da na tiyata da na magani, a sa watannin horon nan cikin lissafi, a kuma nemi likitan gashin da zai karɓi maras lafiyar a Gusau ko Sakkwato tun kafin a sayi tikitin dawowa.